Ranar da Na Bar Gurbina na Bakin Ƙofa

Ranar Alhamis ce, a tsakiyar ruwan watan Yuni, irin ruwan nan da ba ya tsugewa kuma ba ya ɗaukewa, sai dai ya yi ta yayyafi har kayan cikin durowa su fara warin danshi. Duk mai kwaɓa taliyar udon a garinmu Takamatsu na ƙasar Japan ya san irin wannan rana: fulawa ta riga ta sha ruwa a iska, sai ka rage mata na kwano, ka ɗan ƙara gishiri. Ni kuwa ƙarar dutsen guga ce ta tashe ni.

Mama na durƙushe a falo tana goge farar rigar aikina, wadda ta riga ta goge jiya.

"Kanta, zo ka gwada."

"Mama, ai na gwada jiya."

"Jiya wuyan bai kwanta ba."

Ku da kuka shigo labarin nan yau, bari in tsaya ku san ni. Sunana Kanta Manabe, shekarata ashirin da ɗaya, kuma ban gama sakandare ba. Ina da ciwon firgici. Idan na daɗe a zaune a wurin da ba zan iya fita ba, sai ƙirjina ya ɗaure, yatsuna su yi sanyi, zuciyata ta kama gudu kamar an biyo ta, in tabbatar a raina mutuwa zan yi. Ba na mutuwa, amma a lokacin ba wanda ya isa ya gaya min haka. Shi ya kore ni daga aji, ya rufe ni a ɗaki tsawon lokaci, sai da likita da magani suka fito da ni a hankali.

Da na shiga makarantar koyon sana'a sashen udon, Malama Miyoshi ba ta tambaye ni abin da ke damuna ba, wannan likita ya riga ya gaya mata. Cewa ta yi, "Me ke taimaka maka idan abin ya zo?" Na ce tafiya. Ta ce, "To ka zo inda ake biyan mutum don ya yi tafiya a wuri ɗaya." Ta ba ni teburin ƙarshe na bakin ƙofa. Ta ba ni kati ruwan ɗorawa mai igiya, in na ɗaga shi sai in fita ba tare da na ce komai ba. Mafi daɗi, kullum tana ajiye min curin kwaɓin gwaji a cikin leda, lokacin da sauran ke zaune suna sauraron darasi, ni ina baya da safa ina tattaka shi, don kwaɓin udon da ƙafa ake taka shi. Da ƙafa nake jin karatu. Ban taɓa faɗuwa jarrabawar rubutu ba tun da na fara.

To ranar nan ita ce ranar ɗanɗano. Masu shaguna huɗu za su zo su ci taliyar kowa, su zaɓi waɗanda za su ɗauka aiki. Wanda ba a ɗauka ba sai ya nemi hanyarsa. Ni tawa hanyar an riga an share min: masana'antar gwangwani inda Kawu Tetsuo yake shugaban layi a Osaka, ɗaki ba taga, injina na ihu, kuma ba a barin layi sai ƙararrawa ta kaɗa. Mama ta yi masa alkawari cewa in ba a ɗauke ni ba, wata mai kamawa ina can.

Na sa rigar, na miƙa hannu zan ɗauki katina a kan tebur, Mama ta riga ni.

"Wannan yau a gida zai yini."

"Mama."

"Ka saurare ni. Mai shagon tasha yana zuwa, rassa biyar gare shi. Kana ganin zai ɗauki yaron da ke rataye da kati? Yini ɗaya ne. Ka zauna a gaba kamar kowa, ka miƙe bayanka. Idan sun ɗauke ka, sai su san halinka a hankali."

Kaka, mahaifiyar Mama, tana gefe tana cin shinkafa da busasshen kifi, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ki bar wa yaro katinsa. Ke da za a samo miki katin yin shiru, da gidan nan ya huta."

"Inna, ba da ke nake ba."

"Ai ba a taɓa yi da ni, shi ya sa nake shiga."

Mama ta kai katin gaban hoton marigayi Baba, ta ajiye kusa da kwanon turare, kamar shi zai tsare mata.  Na bar mata shi. Matar nan shekara biyar tana gaya wa maƙwabta cewa ciwon ciki ne ya hana ni makaranta.

Ina ɗaure igiyar takalmi waya ta yi ƙara. Hinako.

*Manabe, ka tashi?  Yau Baba zai fara cin taliyata a rayuwarsa.* Ta haɗa da sitikar kyanwa ta suma, ƙafafu a sama.

Hinako Kozai 'yar ajinmu ce, gajera, gashinta kullum a tattare cikin shuɗin ɗankwali mai zanen igiyar ruwa, dariyarta kuma tana fitowa ne ta hanci. Mahaifinta na ɗaya daga cikin masu shagunan huɗu. Nasa ɗan ƙarami ne a bakin gonakin shinkafa, kuma har yau da ƙafa yake taka kwaɓi, bai yarda da inji ba, ga shi gwiwoyi sun fara gajiya. Wata shida muna aji ɗaya tana kirana da sunan gidanmu kamar ma'aikaciyar banki. Ni kuwa, ku dai kun gane.

Na rubuta *kada ki damu, ina tare da ke*, na goge. Na rubuta *taliyarki ta fi ta kowa*, na goge. Na tura: *Mu yi musanyar teburi yau? Ki koma nawa na baya, in zo naki na gaba.*

*Da gaske? Ka cece ni. Ba na so in yi murji a ƙarƙashin hancin Baba.* Sai kuma: *Amma kai fa? Ƙofa?*

*Yau lafiyata lau.* Na haɗa da sitikar biri mai nuna ƙwanji.

A makaranta na sami Malama Miyoshi tana jera kujerun baƙi. Na ce mata yau ba sai ta ajiye min kwaɓin gwaji ba. Ta dubi wuyana, inda igiyar ta saba zama.

"Shawararka ce ko ta wani?"

"Tawa ce, Malama."

"To. Ƙofa dai ba na kulle ta, da kati ko ba kati."

Safiya ta tafi daidai. Muka auna, muka kwaɓa, muka tattaka, muka naɗe. Kowa ya manna sunansa a ƙasan leda, ya tura curinsa ƙarƙashin teburinsa ya huta. Wannan hutun shi ne rabin sana'ar. Kwaɓin da aka taka yana cikin fushi, in ba ka bar shi ya kwanta ya saki jiki ba, ka murza shi ya dawo, ka ja shi ya tsuke. Shi ya sa aka sa jawabin baƙi a daidai lokacin.

Muka jawo kujeru gaban aji. Na zauna a sahun farko, tsakiya, gwiwoyi a haɗe. Baba Onishi, tsohon direban bas da ya yi ritaya ya zo koyon udon don matarsa ta ce ya cika mata gida, ya leƙo ta bayana. Inji yake ce min saboda yawan takun kwaɓi.

"Yau Inji ne a zaune? A taɓa kujerar nan a ji ko ta fara hayaƙi."

"Baba, ka ji da kwaɓinka, na ga kamar ka manta gishiri."

"Hawan jini gare ni, da gangan ne."

Mai shagon tasha ya miƙe. Baƙar kwat, allurar zinariya a lakataya, murya kamar lasifikar jirgin ƙasa. Ya fara da kakansa. Ya gangaro kan mahaifinsa. Ya shiga tarihin kowane reshe. Ya ce ma'aikacinsa ba ya motsi sai an ce motsa, ba ya zama sai an ce zauna. Maigida Kozai, mahaifin Hinako, na gefe a cikin tsohuwar riga mai launin toka, hannuwa a kan sanda, ido a lumshe, ba ka sanin barci yake ko tunani.

Wajen reshe na uku abin ya zo.

Yatsu suka fara. Sai wuyan rigar da Mama ta goge ya zama kamar hannun mutum. Na kai hannu ƙirji neman igiya, ba komai. Na lissafa numfashi yadda likita ya koya min, lissafin ya watse. Fuskar mai jawabi ta yi nisa, muryarsa ta matso. Raina ya ce, Kanta, yau kam a nan za ka faɗi, a gaban uban Hinako, da farar riga.

Na miƙe. Na sunkuya, na ratsa ta gefen kujeru na nufi baya. Ga ƙofa a buɗe. Amma ku ma kun sani, baƙo yana magana ka fice, ai ka zage shi ke nan, ka zagi makaranta. Wanda ya koma bakin aiki kuwa, ko ba komai za a ce ƙwazo ne ya yi masa yawa. Ƙafafuna suka kai ni inda suka saba, teburin ƙarshe. Na tuɓe silifas, na jawo ledar da ke ƙasa, na hau.

Dunduniya, yatsu, juya. Dunduniya, yatsu, juya. Na rufe ido. Kwaɓi ya baje, na naɗe shi, na sake hawa. A hankali hannun nan ya saki wuyana. Iska ta fara shiga. Ashe duk wannan lokacin Malama Miyoshi tana gaba tana yi min alama da hannu kamar mai korar ƙuda, ni ido a rufe. 'Yan aji kuwa ba wanda zai waiwaya baƙo na magana. Na taka reshe na uku, na taka na huɗu, na taka na biyar, na taka shirin buɗe na shida.

Tafi ya farkar da ni. Na sauko, jikina sakayau, har da ɗan murmushi. Na juya ledar zan tura ta ƙasa, sai na ga sunan da ke manne.

*Kozai.*

"Kowa ya koma teburinsa, a fara murji," in ji Malama. Idonta a kaina.

Na koma gaba kamar wanda aka zare wa laka. Na buɗe nawa curin, ya huta ya yi laushi kamar fatar kunne. Na ɗora sandar murji, ya miƙe ba musu. Na waiwaya. Hinako ta danna nata, ya baje, ta ɗaga sanda, ya tsuke ya dawo. Ta sake, ta hau da duk nauyinta, ya sake dawowa. Kunnuwanta suka yi ja. Mahaifinta ya tako da sandarsa ya tsaya a kanta. Ta ciji leɓe, na ga idonta ya kawo ruwa.

Zan gaya muku gaskiya, na yi tunanin yin shiru. Ga kwaɓi mai kyau a hannuna, ga Osaka tana jirana. Tunanin bai daɗe ba, amma ya zo.

"Malama, a gafarce ni."

Sanduna suka tsaya.

"Kwaɓin Kozai ba laifinta ba ne. Ni na taka shi lokacin jawabi, na ɗauka nawa ne." Na sunkuya har na ga safata. Tunda na fara, sai bakin ya ƙi tsayawa. "Ina da ciwon firgici. In na daɗe a zaune yana tasowa. Makaranta ta ba ni teburin bakin ƙofa da kati da kwaɓin da nake takawa, yau na ce ba na so don kada ku gani. To ga shi kun gani. Ina roƙo a ba ta nawa, ni in ɗauki wanda na ɓata."

 Malama ta ce ma'auninmu ɗaya ne, ita ta yarda in baƙi sun yarda. Mai shagon tasha ya duba agogo. Maigida Kozai ya ce, "A yi ta, yunwa nake ji."

Na kai wa Hinako curin da hannu biyu. Ta karɓa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Biri mai ƙwanji, ko?"

"Yi haƙuri."

"Matsa, zan yi maka faɗa anjima, yanzu ba ni da lokaci."

Abin da na yi da wancan kwaɓin ba murji ba ne, kokawa ce. Na yanka taliya kowace kamar babban yatsa. Na dafa, na ƙara dafawa, na wanke a ruwan sanyi, na zuba romo da albasa mai ganye. A garinmu da maƙogwaro ake jin daɗin udon, zuƙa ake yi ta wuce sumul. Tawa sai da haƙori.

Mai shagon tasha ya ciza sau ɗaya, ya ajiye tsinkayen cin abincinsa, ya goge baki. Sauran biyun suka ce, "Akwai ƙoƙari," wanda kowa ya san ma'anarsa. Baba Onishi ya saci ɗaya a tukunya, ya tauna, ya ce da ya san da ita da bai taɓa sayen tayar bas ba.

Maigida Kozai ya fara da kwanon 'yarsa. Ya zuƙe shi tas, ya sha romon, ya ce, "Gishiri ya ɗan yi kaɗan." Hinako ta juya baya tana share ido da gefen ɗankwali, tana murmushi. Daga baya ta gaya min mutumin nan bai taɓa cewa taliyar wani gishiri kaɗai ne laifinta ba, sai ranar.

Sannan ya jawo nawa. Ya tauna. Ya ci gaba da taunawa, muƙamuƙinsa na aiki kamar na saniya. Bai bar ko ɗaya ba.

"Tun yaushe ka hau shi?"

"Tun reshe na uku, Maigida."

"Ka fi ni dabara. Ni zama na yi na sha jawabin duka." Mai shagon tasha ya yi tari. Maigida bai kula ba. "Ɗaga ƙafarka in gani."

Na ɗaga. Safar ta huje a dunduniya.

"Da dunduniya kake farawa, daga tsakiya zuwa baki. Wa ya koya maka?"

"Malama. Sauran kuma yawan yi ne."

"Ƙafa kana da ita. Sanin lokacin sauka ne ba ka da shi." Ya juya wajen Malama Miyoshi. "Da katin nan da kwaɓin gwajin, yana irin wannan ɓarnar?"

"Ko sau ɗaya," in ji ta.

"Ina katin?"

"Yana gida," na ce.

"Kai ka ajiye shi?"

Na sunkuyar da kai ina kallon hujin safata. Ya dube ni ta ƙasan gira, ya ce "Hm," ya ɗauki sandarsa.

Da yamma aka kira sunaye. Shagon tasha ya ɗauki uku. Sauran biyun suka ɗauki nasu, har Baba Onishi ya samu, ya ce matarsa za ta yi rawa. Maigida Kozai ya ce shi 'yarsa ta ishe shi a yau, ya fita yana ɗingishi. Ba a kira Manabe ba.

Na hau keke cikin yayyafi, na manta lemata a makaranta. Abin mamaki, ban ji nauyin da na zata ba. Ƙirjina a buɗe yake kamar an cire min jakar da na daɗe da goyo. Sai da na shigo layinmu na ji ƙamshin jar shinkafa mai wake, wadda ba a dafawa sai ranar murna, sannan na tuna abin da ke jirana. Mama ta riga ta yi biki.

Ina jingine keke waya ta yi ƙara.

*Kanta.*

Na tsaya ina kallon kalmar, ruwa na ɗiga a kan gilashin. Ba Manabe ba.

*Faɗan da na yi maka alkawari yana nan, ban manta ba.*

*Baba ya ce in gaya maka gwiwarsa ta hagu ta yi ritaya. Yana neman ƙafa ranar Litinin da asuba. Ya ce ƙofar bayan shagonmu ba ta da ƙyaure tun guguwar bara, in abin ya zo ga gona nan, ka zaga ka dawo. Ni zan riƙa gaya maka lokacin sauka.*

Na fara rubuta godiya, wani saƙon ya shigo.

*Amma da sharaɗi. Ka zo da katin a wuyanka. Kuma ka zo da wanda ya ɓoye shi. Ya ce yana so su sha shayi.*

Sitikar kyanwa, wannan karon a zaune, tana kallona.

Ƙofa ta zuge. Mama ce, ta sa rigarta mai furanni da ba ta sawa sai za a ɗauki hoto, har da jan baki. Ta bayanta ina hango Kaka ta riga ta fara cin shinkafar, da katina can gaban hoton Baba.

"To?" in ji Mama, tana goge hannu. "Shagon tasha ne? Na riga na gaya wa matar mai wanki."

Na tsaya a bakin ƙofa, ruwa na sauka daga gashina, ina lissafa abin da ranar ta ci. Shaguna uku, har da na tasha. Curin kwaɓi ɗaya. Safa ƙafa ɗaya. Lema. Ciwon cikin da Mama ta yi shekara biyar tana rainonsa a unguwa. Sai kuma sunan Manabe a bakin Hinako, wanda shi kam ba na neman a dawo min da shi.